Kafinta da mai zane: a rubuta yarjejeniya kafin a ɗaga zarto

Shagunan kafintoci masu haɗa kujera da tebur da hannu sun fara son wata magana, wai suna tallafa wa masu zane da sauran masu fasahar da ke kewaye da su. Idan ka bincika, sau da yawa tallafin bai wuce zane uku da aka rataye a bangon ɗakin baje kaya ba. Babu farashi a jiki, babu sunan mai shi, babu wanda ya san ranar da za a biya shi idan an sayar. Bayan 'yan watanni mai zanen ya zo ya kwashe kayansa rai a ɓace, kafinta kuma yana ƙorafin an yi masa butulci. A ganina haɗin kafinta da mai fasaha abu ne mai kyau, kuma yana amfanar kafintan fiye da yadda yake zato. Sai dai ba ya ɗorewa sai an ɗauke shi a matsayin ciniki mai ƙa'ida: an auna katako, an auna kuɗi, an rubuta.

A fara da abin da kafinta yake da shi wanda bai ɗauka a bakin komai ba. Duk mai lissafin katakon aiki yakan ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan abin da zai shiga jikin kayan, saboda kulli da tsaga da lanƙwasa da abin da bakin zarto ke ci. Wannan rarar ce ke taruwa a lungu har ta zama matsala. Guntun da bai kai ƙafar kujera ba ya ishi masassaƙi fitar da cokali ko ɗan akwati. Siririn da aka yanke daga gefen falanki, mai faɗin santimita 3 ko 4, shi ne daidai abin da mai zane ke nema don firam. Ba da su ba ya rage wa kafinta komai, amma akwai yadda ake bayarwa. A ware su bisa irin itace, a rubuta sunan itacen da fensir a jiki. Kada a haɗa da katakon da aka jiƙa da maganin gara, musamman mai launin kore-kore, domin wani irinsa na ɗauke da sinadarin asanik, kuma masassaƙi zai shaƙi ƙurarsa ko ya yi abin cin abinci da shi. Haka katakon dakalin ɗora kaya na jiragen ruwa: wanda aka buga wa hatimin HT zafi aka gasa shi da shi, wanda aka buga wa MB kuwa hayaƙin guba aka yi masa, gara a bar shi. Guntayen allon garin katako da aka matse da gam su ma ba na sassaƙa ba ne.

Firam ne aikin da ya fi kowane haɗa waɗannan mutane biyu, kuma a nan ake gane kafintan da ya san abin da yake yi. Mutane suna raina firam don sanduna huɗu ne kawai, alhali yanka takwas ne a kan kusurwar digiri 45. Idan zarto ya kauce da rabin digiri, kuskuren zai taru sau takwas, ya zama digiri huɗu da za su buɗe baki a kusurwar ƙarshe. Sanduna biyu masu fuskantar juna dole tsawonsu ya zo ɗaya sak, shi ya sa ake kafa ɗan katako a matsayin matsaya a yanka su a kansa, ba a dogara da awon tef kowane karo ba. Gam kuma ba ya kama ƙarshen katako da kyau, don ramukan jijiyar suna shanye shi. Maganin shi ne a fara shafa gam kaɗan ya sha, a ƙara wani, sannan bayan ya bushe a tsaga kusurwar a cusa siririn katako ya ɗaure ɓangarorin biyu. Ramin bayan firam inda zanen zai zauna ya kai zurfin milimita 10 ko fiye idan za a sa gilashi da kwalin tsakani da allon baya, kuma ya fi zanen girma da milimita 2 zuwa 3, saboda takarda tana buɗewa idan iska ta yi laima. In an matse ta sai ta yi tudu-tudu. Gilashi kada ya taɓa fuskar zanen, in ba haka ba raɓa za ta taru a ciki ta manne su. Abin da kafintoci da yawa ba su sani ba shi ne katakon da ba a shafe shi da komai ba yana fitar da tsami da ke ƙona takarda ta zama ruwan ƙasa a gefe-gefe. Itacen oak ya yi ƙaurin suna a wannan, har gidajen adana kayan tarihi suna guje masa a akwatunan nuni. Sai a shafe cikin ramin da banish, ko a liƙa masa tef mai rufin gorar ruwa, kafin zanen ya shiga.

Sandunan da ake ɗame ƙyallen zane a kansu nasu sharaɗin daban ne. Gefen waje ya ɗan fi na ciki tudu da milimita 3 zuwa 5, don ƙyallen ya taɓa bakin waje kawai. Idan sandar shimfiɗaɗɗiya ce, burushi zai danna ƙyallen a kan gefen ciki, layi ya fito a fuskar zanen har abada. Kusurwoyin ba a sa musu gam, ana barin gurbin ƙananan katakai masu tsini da za a buga a ɗame ƙyallen idan ya saki. Duk wanda ya wuce mita guda yana buƙatar sandar tsakiya, in ba haka ba ƙarfin ƙyallen zai lanƙwasa gefunan ciki. Kafinta mai injin fere katako zai fitar da waɗannan da yawa cikin yini guda. Wannan shi ne tallafin da mai zane zai ji a aljihunsa.

Inda abin ya fi daɗi, kuma ya fi haɗari, shi ne aikin haɗin gwiwa: kabad da aka yi wa zane a ƙofa, kujerar da baduku ya ɗinka wa mazauni ko masaƙi ya saƙa mata, teburin da maƙeri ya ƙera wa ƙafafu. Tsohuwar hanya ce. A 1861 mai zayyana William Morris ya kafa kamfani a Landan tare da masu zane irin su Edward Burne-Jones da Dante Gabriel Rossetti da mai zayyanar gini Philip Webb, suna fitar da kayan ɗaki masu zane a jiki. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919 ta haɗa ɗakin kafinta da ɗakin saƙa, inda Marcel Breuer ya yi kujeru, Gunta Stölzl ta saƙa musu mazauni. Abin da kowa ya koya daga irin wannan aiki shi ne katako yana motsi, abin da ake ɗora masa kuwa sau da yawa ba ya motsi tare da shi.

Ga yadda abin yake. Katako yana shan danshi daga iska yana fitarwa muddin yana nan, ko bayan shekara ɗari. A tsawonsa kusan ba ya sauyawa, a faɗinsa ne yake kumbura ya tsuke. Ƙiyasin da masu sana'ar ke amfani da shi shi ne duk sauyin danshi na kashi 4 yana sauya faɗi da kusan kashi 1, ko da yake wasu itatuwan, kamar tik da maɗaci, sun fi wasu natsuwa. Saman tebur mai faɗin santimita 90 da aka haɗa yana da danshi kashi 12, idan ya shiga ɗakin da zai busar da shi zuwa kashi 8, zai iya tsukewa da kusan milimita 9. To, ka ce maƙeri ya ɗaure shi da zoben ƙarfe, ko an kafa shi da sukuru a ramuka matsattsu a kan ƙafafun ƙarfe. Ƙarfen ba zai bi shi ba, sai falankin ya tsage a tsakiya. Sai kafinta ya ce laifin maƙeri ne, maƙeri ya ce katakon ne ɗanye, mai saye kuma ya dawo da kaya. Da an gaya wa maƙerin tun farko ya huda ramukan sukurun dogaye, suna bin faɗin katakon, da babu abin da zai faru. Haka tayil ko guntayen gilashi: ba a liƙa su a kan tsantsar katako, sai a kan filawud, wanda aka jera yadudduka a gicciye don kada ya motsa. Na'urar auna danshi 'yar ƙarama ce, kuma shagon da ba shi da ita bai kamata ya gayyaci kowa aikin haɗin gwiwa ba. Katakon kayan cikin ɗaki ya kasance tsakanin kashi 8 zuwa 12, gwargwadon bushewar inda kayan za su zauna, ɗakin da ake ɗumamawa ko sanyayawa da na'ura ma ƙasa da haka.

Fenti shi ma yana da nasa rigimar, kuma tsarin aiki ne yake warware ta. Allon ƙofar da za a yi wa zane a ba mai zane shi tun kafin a haɗa ƙofar, ya fente har gefunan da za su shige cikin rami, don idan allon ya tsuke kada farin layi ya bayyana a baki. A shafe bayansa ma, ko da banish ne, domin allon da aka rufe fuska ɗaya aka bar ɗaya yana shan danshi ta gefe guda, sai ya lanƙwashe. Kada kafinta ya shafa wa allon mai ko kakin sheƙi kafin ya miƙa shi, fentin ruwa ba ya kama jikin da ya sha mai. Banish mai haɗin mai yana komawa rawaya, zai ɓata fari da shuɗi cikin 'yan shekaru, don haka mai haɗin ruwa ya fi dacewa a kan zane mai haske. Idan fentin mai aka yi zanen da shi, akan jira wata shida ko fiye kafin a rufe shi da banish, wanda ke nufin kada a yi wa mai saye alkawarin kabad nan da mako uku. Kowane haɗi a fara gwada shi a kan guntun katako iri ɗaya da na aikin. A aikin fata kuwa, ƙusar baƙin ƙarfe a kan fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa tana barin baƙin tabo da zarar laima ta taɓa, sai a yi amfani da ta tagulla. Mazaunin saƙa yana jan sandunan kujera ciki da ƙarfi sosai, haɗin ƙusa da gam ba zai riƙe ba, sai haɗin harshe da rami, wato a fere ƙarshen sanda ɗaya ya shige ramin da aka huda a jikin ɗayar. Shahararriyar kujerar da Hans Wegner na Denmak ya zayyana, wadda ake yi tun 1950, tana cin igiyar takarda kusan mita 120 a mazauninta kaɗai. Wanda ya saƙa wannan ba ɗan ado ya ƙara ba, rabin kujerar ya yi.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, inda zumunci ya fi mutuwa. Gidajen baje zane sukan karɓi la'adar kashi 40 zuwa 50, amma su suna neman masu saye, suna talla, suna shirya nuni. Kafintan da bango kawai ya bayar, zanen kuma yana ƙawata masa kujerunsa kyauta, bai cancanci wannan ba. Kashi 20 zuwa 30 ya isa a ganina. Takarda ɗaya ta wadatar: sunan kowane aiki da girmansa da hotonsa, farashi, ranar karɓa, tsawon zamansa a shago, kamar kwana 90, iyakar ragin da kafinta zai iya yi ba tare da ya tambaya ba, ranar biya bayan sayarwa, da wanda zai ɗauki asara idan ruwa ko wuta ko ɓarawo ya taɓa. Wannan na ƙarshen ne ake tsallakewa don kunya, kuma shi ne yake kai mutane gaban alƙali. Kuɗin mai zane a ware shi ranar da aka sayar. Kafintan da ya zuba shi cikin sayen katako da niyyar zai biya in wani aiki ya fita, ya ci amana ko bai yi nufi ba.

A aikin haɗin gwiwa ban yarda da a ce wa mai fasaha ya jira sai an sayar ba. Kafinta ba ya cewa mai sayar da katako ya jira, don me zai ce wa wanda ya kwana a kan zanen ƙofa? A ba shi rabi kafin alƙalami, ragowar ranar da ya miƙa aiki. Idan kuma shi ya zaɓi ya shiga kasada don rabo mai tsoka, a fara cire kuɗin kayan aiki, a raba saura bisa awannin da kowa ya zuba. Wanda aka ce wa "za ka yi suna" a madadin biya, an cuce shi.

Sunan ma ai ba a cika bayarwa ba. A 1913 Roger Fry ya buɗe Omega Workshops a Landan da nufin samar wa matasan masu zane abin kashewa ta hanyar ƙawata kayan ɗaki, da sharaɗin babu mai sa hannu a aikinsa, tambarin kamfani kaɗai ake bugawa. A shekarar farko mai zane Wyndham Lewis da wasu suka fice bayan rikici a kan wani aiki da aka ba su, kamfanin kuma ya rufe a 1919. Dalilan rufewar suna da yawa, har da yaƙi, amma ɓoye sunan mai aiki tsari ne da yake tara ƙiyayya a hankali. A rubuta sunaye biyu a ƙarƙashin tebur ko bayan kabad, a ambace su a hoton da aka sa a intanet. Sannan kafinta ya sani cewa sayen zane bai ba shi ikon kwafarsa ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, haƙƙin kwafi yana hannun mai zanen sai in ya miƙa shi. Idan ƙofar ta karɓu, ana so a yi ashirin irinta, sai a koma wurinsa a yi sabon ciniki, ko da kashi 5 ne a kan kowace.

Akwai masu cewa ƙaramin kafinta da kayan masana'anta masu arha suka matse, ina ya ga sararin ɗaukar nauyin wani? Maganarsu tana da ƙarfi, tarihi ma ya goyi bayansu. C. R. Ashbee ya kafa ƙungiyar masu aikin hannu a Landan a 1888, a 1902 ya kwashe su da iyalansu, kusan mutum 150, zuwa ƙauyen Chipping Campden don su yi sana'a su raya al'umma. Cikin shekara shida kamfanin ya durƙushe, saboda sun yi nisa da masu saye, ga manyan shaguna suna sayar da kwatankwacin kayansu da arha. Kayan Morris kuwa masu hannu da shuni ne suka fi iya saye. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne kada kafinta ya yi abin da littafin lissafinsa ba zai ɗauka ba. Amma a arha ba zai taɓa kamo masana'anta ba. Abin da take kasa yi shi ne kabad guda ɗaya tak a duniya, mai sunan mutane biyu da mai saye zai iya zuwa ya gaisa da su. Mai zane yana kawo wa kafinta masu saye da ba za su taɓa leƙa shagonsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai kowane hannu ya san gefen da zai kama.

Batun al'umma kuwa, kafin a kai ga kyautar benci ga makaranta ko dandali, akwai haƙƙoƙin da suka riga ta. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam, musamman a hanci. Shagon da ke hura ƙura cikin gidajen maƙwabta, ɗan koyo yana goga samfefa babu takunkumi, ya fara gyara wannan. Tsummokaran da aka shafa wa katako mai mai bushewa da su, idan aka dunƙule su a kwando, suna iya kama wuta da kansu cikin dare. A shanya su ɗai-ɗai ko a nutsar da su a ruwa. Mai zanen da ya zo aron kayan aiki kada a bar shi shi kaɗai da zarton tebur, a yanka masa. Ɗan koyo kuma a tsara masa abin da zai iya a kowace shekara, daga wasa kurfi zuwa haɗin harshe da rami, da lokacin yaye shi. Yaron da ya shekara uku yana shara da aike ba a koya masa sana'a ba.

Sai asalin katakon. A 2017 madobiya da dangin itatuwan Dalbergia suka shiga jerin da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da itatuwa daga ƙarewa, ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, a taron Panama na 2022 kuma aka ƙara kawo da maɗaci na Afirka. Wannan ya isa ya nuna cewa manyan itatuwan suna ƙarewa, kuma masassaƙin da ake ba guntaye yau shi zai fara rasa abin aiki. Bishiyar da guguwa ta kayar ko aka sare don faɗaɗa titi katako ce mai kyau idan an bi ta da haƙuri: a duba ƙusoshin da suka nutse a jikinta kafin zarto ya same su, a shafe ƙarshen gungumen da fenti ko kaki nan take don kada ya tsattsage, a tsaga, a jera a inuwa da ƙananan sanduna tsakanin falankai kowane rabin mita, a ɗora nauyi a sama. Ƙiyasin da aka saba shi ne shekara guda ga kowane santimita 2.5 na kauri, inda iska ta bushe kuma ƙasa da haka, na'urar danshi ce za ta yanke hukunci.

Idan an zo ba da benci ga makaranta ko dandali, a yi shi da itacen da ke jure ruwa, a ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa da ƙarfe ko siminti don ƙarshen katako ne ke fara ruɓewa, a bar tazarar milimita 5 zuwa 8 tsakanin falankan mazauni don ruwa ya zube, a yi amfani da sukuru marar tsatsa. Zanen da aka yi masa rana za ta cinye shi, man da aka shafa kuma yana son sabuntawa kusan kowace shekara. A rubuta tun ranar miƙawa wanda zai riƙa yin wannan, da wanda zai biya mai zanen idan aka kira shi ya sabunta aikinsa.